Kwas Tara a Zango Ɗaya: Kullum Ina Karatu, Amma Lissafi da Ƙididdiga Suna Kayar da Ni

Tambaya

Assalamu alaikum malamai, barkanku da ƙoƙari. Ni ɗaliba ce a shekara ta biyu a jami'a, ina karanta tattalin arziki. A zangon da ya wuce kwas tara na ɗauka, yunit 22. Huɗu daga ciki masu yunit uku-uku ne: na samu C a ka'idojin tattalin arziki, C a akanta, D a lissafi, na faɗi ƙididdiga. Sauran biyar masu yunit biyu-biyu ne: A a tarihin tattalin arziki, A a ilimin zamantakewa, B a falsafa da manɗiƙi (ilimin ƙa'idojin kafa hujja), C a Faransanci, C a kwamfuta. Ma'aunin jami'armu biyar ne, GPA ɗina ya tsaya a 2.91. Ni ba malalaciya ba ce. Kullum da dare ina karatu awa uku, ina bin abin da na rubuta a lakca layi-layi, ina ja wa muhimman wurare layi da biro mai launi, ina maimaitawa har in haddace. A ɗakin jarrabawar ƙididdiga kuwa sai na ga kamar ban taɓa shiga ajin ba. Na fara tunanin kaina ba na lissafi ba ne, gara in koma sashen tarihi. Kuma har yau ban gane abin da ya haɗa mai karanta tattalin arziki da Faransanci da falsafa ba. Saura mako biyu a rufe rajistar sabon zango. Ku ba ni shawara don Allah.

Ƙanwarku mai neman mafita

Amsa

Wa alaikumus salam ƙanwarmu. Kin kyauta da kika rubuto makin kowane kwas tare da yunit ɗinsa, domin rabin amsar yana cikin waɗannan lambobin. Da su za mu fara, maganar kai da ƙwaƙwalwa ta biyo baya.

GPA, wato matsakaicin makin zango, ana samun sa ne ta ninka makin kowane kwas da yunit ɗinsa, a tara, a raba da jimlar yunit; a ma'aunin biyar A maki 5 ne, B 4, C 3, D 2, F sifili. Kwasa-kwasanki ƙanana biyar, yunit 10, sun kawo miki maki 40, wato matsakaicin 4.0. Manyan huɗu, yunit 12, sun kawo 24 kacal, matsakaicin 2.0. Jimla 64, a raba da 22, ga 2.91 ɗinki. To duba nan: da kin ƙara himma a falsafa ta tashi daga B zuwa A, maki biyu kawai za ki ƙara, GPA ya zama 3.00. Da kuwa lissafi da ƙididdiga ne suka koma C kowanne, maki 12 za ki ƙara, ki tashi zuwa 3.45. In suka kai B, kin kai 3.73. Ɗalibai da yawa sukan ba kwas ɗin da suke jin daɗinsa mafi yawan lokacinsu, saboda karanta abin da mutum ya iya yana sanyaya zuciya, alhali makin da ake nema yana can cikin kwas ɗin da ake gudu.

Sai lokaci. A tsarin kiredit na Amurka, wanda jami'o'i da dama a duniya suka ara, yunit ɗaya yana nufin awa ɗaya a aji da kamar awa biyu na aikin ɗalibi shi kaɗai, kowane mako, tsawon mako 15 ko kusa da haka. Yunit 22 ke nan awa 66 ne a mako: 22 a aji, 44 a waje. Ke kuma awa 21 kike da su a waje, ƙasa da rabin abin da tsarin ya ɗauka za ki yi. A Turai, inda ake bin ma'aunin ECTS, shekarar cikakken ɗalibi kiredit 60 ce, kowanne awa 25 zuwa 30, wato awa 1,500 zuwa 1,800 a shekara, abin da bai yi nisa da awa 40 a mako ba. Kin ɗauki kayan da suka fi na cikakken ma'aikaci da rabi. Don haka abu na farko kafin a rufe rajista: buɗe kundin dokokin sashenku ki ga mafi ƙarancin yunit da mafi yawansa da aka yarda ɗalibi ya ɗauka, ki ware kwas na dole daga na zaɓi, in da hali ki sauko zuwa yunit 17 ko 18. Kwas na zaɓi da aka jinkirta zuwa baɗi ba ya cutar da kowa. Kwas na dole da aka faɗi yana bin mutum har shekarar ƙarshe.

Amma ko da za a ba ki awa 44 ɗin nan cif, in hanyar karatun ba ta canza ba, ƙididdiga za ta sake kayar da ke. Nan ne asalin matsalar. Kwas tara ɗin nan iri uku ne, kowane iri da yadda ake koyon sa, ke kuwa hanya ɗaya kika bi da su duka: karantawa, jan layi, hadda. Wannan hanya tana ɗan yin aiki a tarihi da ilimin zamantakewa, shi ya sa kika ga A a can. A lissafi ba ta sayen komai.

Iri na farko su ne fannonin da ake warware matsala: lissafi, ƙididdiga, akanta, da mafi yawan ka'idojin tattalin arziki. Abin da ke yaudarar ɗalibi a nan shi ne, idan yana bin misalin da malami ya riga ya warware, kowane mataki yakan zo masa da ma'ana, sai ya ce ya gane. Ganewar gaskiya ce, amma irin ta mai kallon masu iyo daga bakin kogi. A jarrabawa ba a tambayar ko kin fahimci matakin da wani ya ɗauka. Farar takarda ake ba ki, ke za ki san matakin farko.

Ga yadda zama ɗaya na awa ɗaya da rabi ya kamata ya kasance. Minti goma sha biyar na farko, ki karanta misali ɗaya da aka warware, a kowane layi ki tambayi kanki dalilin da ya sa aka yi haka. Sai ki rufe littafin, ki kwafi tambayar kaɗai a sabuwar takarda, ki warware ta da kanki. Inda kika cije, kada ki buɗe nan take. Ki yi fama na minti biyar zuwa goma, sannan ki leƙa layi ɗaya tak, ki sake rufewa. Bayan nan ki yi sababbin tambayoyi huɗu zuwa shida waɗanda ba ki taɓa ganin amsarsu ba. Minti goma na ƙarshe na littafin kurakurai ne: ƙaramin littafi inda za ki rubuta tambayar da kika kuskure, da inda kika kauce, da irin kuskuren. Iri uku ne galibi. Ko dai ba ki san ka'idar ba, ko kin san ta amma ba ki gane ita ake bukata a nan ba, ko kuma kin bi hanya daidai hannu ya zame a ƙirga. Maganinsu daban-daban ne: na farko komawa littafi, na biyu yawaita tambayoyi gauraye, na uku rage gaggawa da rubuta kowane mataki. Bayan mako uku littafin zai nuna miki irin da ya fi damun ki, kuma sau da yawa ba wanda kike zato ba ne.

D a lissafi da F a ƙididdiga a zango ɗaya sukan nuna rami ɗaya ne a ƙasa, tun daga sakandare. Waɗannan fannoni kowane mako yana tsaye ne a kan wanda ya gabace shi, saɓanin tarihi, inda za ki iya rasa lakcar mako na uku ki fahimci ta mako na huɗu lafiya lau. Ki gwada kanki a yau. Rabi da sulusi in an haɗa, 1/2 + 1/3, nawa ne? In hannunki ya tafi ga 2/5 maimakon 5/6, kin ga wurin. Buɗe (a + b)²: in kin manta 2ab na tsakiya, kin ga wani. Ki gwada mayar da harafi daga wannan gefen alamar daidai zuwa wancan, da dokokin lambar da ake ɗorawa a kan lamba, da logaridim. Mafi yawan waɗanda ke cewa kalkulas ya gagare su, in aka duba takardarsu, matakin kalkulas ɗin daidai suka yi, aljabarar da ta biyo baya ce ta rushe. Littafin lissafin ƙarshen sakandare da awa ɗaya kullum na mako biyu kafin lakca ta kankama sukan toshe mafi yawan ramin. Ba abin kunya ba ne, kuma ba wanda zai tambaye ki littafin wane aji kike riƙe da shi.

A ƙididdiga akwai wurare sanannu da ake faɗuwa. A ce ana son auna yadda lambobi suka bazu daga matsakaicinsu, ɗauki lambobi takwas: 2, 4, 4, 4, 5, 5, 7, 9. Matsakaicinsu 5. In kika cire 5 daga kowacce, kika ninka abin da ya fita da kansa, kika tara, za ki samu 32. In lambobin nan su ne dukan abin da ake nazari, da 8 za ki raba, ki samu 4. In kuwa samfuri ne da aka ɗebo daga taro mai yawa, da 7 za ki raba, ki samu kusan 4.57. Wanda ya haddace ka'idojin biyu ba tare da ya saba tambayar kansa "samfuri ne ko duka ne?" ba, zai zaɓi ɗaya da ka. Haka ake rikita bazuwar lambobin kansu da bazuwar matsakaicin samfuri, wadda ake samu bayan an raba ta farkon da tushen adadin samfurin. Haka kuma ake rikicewa wajen zaɓen gwajin ƙididdigar da ya dace. Saboda haka kafin ki taɓa kalkuleta, rubuta abu uku a gefen takarda da kalmominki: me aka ba ni, me ake nema, wane irin bayani ne wannan.

Akanta ita ma hannu take so. Kowace mu'amala ki shigar da ita da kanki a ɓangaren debit da na kiredit, har ki kai ga jadawalin gwada daidaito. In ɓangarorin biyu suka ƙi haɗuwa, kada ki fara daga farko. Duba bambancin tukuna. In yana rabuwa da 9 ba saura, da alama kin juya lambobi ne, kin rubuta 270 a madadin 720, bambanci 450. In rabin bambancin ya yi daidai da wata lamba da ke cikin lissafin, kin sa ta a ɓangaren da ba nata ba. Ka'idojin tattalin arziki kuwa, duk zanen da ke littafi ki iya zana shi a farar takarda, ki sa wa kowane layi suna, ki faɗi da baki abin da ke gusar da layin bukata (layin da ke nuna yawan kayan da za a saya a kowane farashi) gaba ɗayansa da abin da ke sa a yi tafiya a kan layin kawai. Canjin farashin kayan kansa tafiya ce a kan layi. Canjin kuɗin shigar masu saye gusar da layin yake yi. Wannan bambanci ɗaya yana cinye makin ɗalibai fiye da yadda girmansa ya nuna.

Akwai wani abu game da jera tambayoyi da ya cancanci a tsaya a kansa. A 2007 masu bincike biyu, Rohrer da Taylor, sun koya wa ɗaliban jami'a yadda ake lissafa girman cikin siffofi huɗu. Wasu suka yi atisaye siffa ɗaya bayan ɗaya, wasu aka gauraya musu tambayoyin. A lokacin atisayen masu bi ɗaya-ɗaya ne suka fi ci. Da aka gwada su bayan mako guda, masu gaurayen sun ci kashi 63 cikin ɗari, sauran kashi 20. Dalilin a fili yake: in duk tambayoyin shafi daga babi ɗaya suke, babin ya riga ya gaya miki ka'idar da za ki yi amfani da ita, jarrabawa kuwa ba ta gaya wa kowa. Wani zai tuna cewa Ibn Khaldun, a Muƙaddimarsa ta ƙarni na 14, ya yi gargaɗi kada a haɗa wa ɗalibi fannoni biyu a lokaci guda, domin hankalinsa zai rabu ya rasa duka. A ganinmu maganganun biyu ba su ci karo ba. Sabon abu, ranar da kika fara haɗuwa da shi, ki ba shi zama guda shi kaɗai, waya a kashe, littafin wani kwas a rufe. Bita ce ake gaurayawa. Duk ƙarshen mako ki ɗebo tambayoyi goma daga babobin da aka wuce, ki cakuɗa su, ki warware ba tare da sanin daga inda kowacce ta fito ba.

Iri na biyu su ne fannonin karatu da kafa hujja: tarihi, ilimin zamantakewa, falsafa. Nan kin iya, don haka ba za mu daɗe ba, sai dai mu ce ki rage musu lokaci ba tare da makin ya sauka ba. A 2013 wani mai bincike, Dunlosky, da abokan aikinsa sun auna hanyoyin karatu goma da ɗalibai ke bi. Jan layi da maimaita karatu suna cikin masu ƙaramin amfani. Gwada kai da rarraba karatu a kan kwanaki su ne suka fito a sama. Kafin nan, a 2006, Roediger da Karpicke sun nuna cewa ɗaliban da suka karanta rubutu a zama ɗaya suka yi ta ƙoƙarin tuno shi sun riƙe kashi 61 bayan mako guda, waɗanda suka yi ta maimaita karantawa kuma kashi 40. To ki karanta babi sau ɗaya da natsuwa, ki rufe, ki rubuta a shafi guda: me marubucin ke da'awa, da wace hujja, wa zai musa masa kuma da me. Sannan ki buɗe ki ga abin da kika tsallake. B ɗin falsafa ma muna zargin ɓangaren manɗiƙi ne ya ja shi ƙasa, domin manɗiƙi ɗan gidan su lissafi ne da ya zauna cikin masu karatu: jadawalin gaskiya da ƙarya warware shi ake yi da fensir.

Iri na uku fannonin sabo ne, harshe da rubuta manhajar kwamfuta. Su ba sa son zama mai tsawo sau ɗaya a mako. Faransanci minti ashirin kullum ya fi awa uku ranar hutu, saboda abin da masanin nan Bajamushe Ebbinghaus ya nuna tun 1885: mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, sannan ta lafa. Ki yi ƙananan katuna, kalma a gaba, ma'ana a baya, ki raba su gida uku: na kullum, na bayan kwana uku, na mako-mako. Katin da kika ci ya matsa gida na gaba, wanda kika faɗi ya koma na farko ko daga ina yake. Kada ki taɓa haddace sunan abu ba tare da le ko la ɗinsa ba, wato ƙananan kalmomin da ke nuna namiji ne ko mace, domin jinsin kalma a Faransanci ba ya bin na Hausa, kuma gyara shi daga baya ya fi koyon sa wuya. Ki riƙa furtawa da murya. A kwamfuta kuma, misalin da ke littafi ki buga shi da yatsunki maimakon kwafa da liƙawa, ki sa shi ya yi aiki, sannan ki canza abu ɗaya ki yi hasashen abin da zai faru kafin ki danna. In saƙon kuskure ya fito, karanta shi; yawanci yana ɗauke da lambar layin da matsalar take ko wanda ke kusa da shi. Masu fara koyo sukan firgita su canza abu biyar a tare, daga nan ba mai sanin wanne ya gyara wanne ya ɓata.

Yanzu a zuba wannan cikin mako. A ce kin yi rajistar manyan kwasa-kwasan ƙirga uku da ƙanana huɗu, yunit 17. Awa 30 a waje da aji za su ishe ki: shida-shida ga manyan uku, 18 ke nan, biyu ga harshe, uku ga kwamfuta, biyar ga kwasa-kwasan karatu biyu, biyu ga bitar gauraye ta ƙarshen mako. Awa biyar ce a rana, kwana shida, rana ɗaya hutu. Kina da uku da dare. Biyun da suka rage suna cikin giɓin da ke tsakanin lakca da lakca, wanda yawanci hira da waya ke cinyewa. Kuma ki juya tsarin: lissafi da ƙididdiga su samu lokacin da kanki ya fi sabo, da safe ko a giɓin rana a laburare, karatun tarihi ya koma dare. Awa shida ɗin kowane babban kwas ki raba su zama huɗu a ranaku daban-daban, na farko a cikin awa 24 bayan lakca. Kada ki sayi lokaci da barci. Kwana ba barci kafin jarrabawar lissafi yana ƙara irin kuskure na uku da muka ambata.

A makon farko ki karɓi tsarin kowane kwas, ki zana jadawali guda a takarda babba: makonni a jere daga sama zuwa ƙasa, kwasa-kwasai a kwance, ki cika ranar kowane tes da kowane aikin gida da makin da yake ɗauke da shi. Malamanki ba sa zama su daidaita ranakunsu, don haka kusan kullum akwai mako ɗaya ko biyu a tsakiyar zango da tes uku da aiki biyu za su faɗo tare. Wanda ya gan shi tun makon farko zai gama rubuce-rubucen kafin lokacin. Makin tes da aikin gida, ko kashi 30 ne ko 40 a jami'arku, shi ne mafi arha a duk zangon, kuma shi ke raba mai D da mai F idan jarrabawa ta zo da zafi. Tambayoyin shekarun baya kuma kada ki ajiye su sai daren jarrabawa. Daga mako na shida ki riƙa zama da takarda ɗaya, da agogo, littafi a rufe.

Wajen malami ma akwai yadda ake zuwa. "Malam ban gane ƙididdiga ba" ba ta da amsa, sai dai a ce ki ƙara karatu. Ki je da takardarki: "Malam, ga tambayar, ga inda na kai, a wannan layin na tsaya." Minti biyar sun isa a warware irin wannan. Ƙungiyar karatu kuma kada ta wuce mutum huɗu, kowa ya gwada tambayoyin shi kaɗai kafin a haɗu. In ba haka ba, gwani ɗaya zai yi ta warwarewa a allo, saura suna gyaɗa kai, kowa ya tashi da zaton ya iya.

Kin tambayi abin da ya kawo Faransanci da falsafa. Jami'o'in duniya kansu ba su yi ittifaƙi a kan wannan ba. A Ingila galibi fanni ɗaya ake bi shekara uku. A Sikotilan digirin shekara huɗu ne, ɗalibi yakan taɓa fannoni da dama a shekaru biyun farko kafin ya tsaya a kan ɗaya. A Amurka, tun zamanin Charles Eliot, wanda ya shugabanci jami'ar Harvard daga 1869 zuwa 1909 ya kuma faɗaɗa tsarin kwas na zaɓi, ake ja-in-ja kan yawan abin da za a wajabta da wanda za a bar wa ɗalibi. Ba za mu ce miki kowane kwas na gama-gari ana koyar da shi yadda ya kamata ba. Wasu cika jadawali ne kawai, a ci a wuce. Amma naki suna da inda suke haɗuwa. "In kaza, to kaza" na manɗiƙi shi ne ƙashin bayan kowace manhaja da za ki rubuta, shi ne kuma siffar kowace ka'idar tattalin arziki. Kwamfuta da ita za ki yi ƙididdigar aikin bincikenki na shekarar ƙarshe. Tarihi shi zai nuna miki lokutan da ka'ida mai kyau a allo ta gaza a kasuwa. Harshe na biyu yana buɗe rahotanni da guraben aiki da ba a samu da ɗaya.

Sauya sashe kuwa, ba mu hana ba, amma ba wannan zangon ba, kuma ba da wannan hujjar ba. Sakamakon da ke hannunki bai auna ko kina iya lissafi ba, domin ba ki riga kin yi lissafi ba, karanta shi kika yi. Sai dai mu gaya miki gaskiya: tattalin arziki ƙara shiga lissafi yake yi a shekara ta uku da ta huɗu, ba ya sassautawa. Ki ba sabuwar hanyar mako shida cikakku. In a ƙarshensu kina cin fiye da rabi a tambayoyin shekarun baya da agogo a gabanki, ki zauna. In kin yi aikin da gaske amma abin bai motsa ba, kuma kin lura tambayoyin da masana tarihi ke yi ne ke hana ki barci, na masana tattalin arziki ba sa motsa ki, to sauyawa ba faɗuwa ba ce. Wanda ya koma tarihi don yana son tarihi yakan yi fice. Wanda ya koma don gudun lamba yakan tarar da kwas ɗin hanyoyin bincike yana jiran sa a can.

Kafin ranar rufe rajista ki je wurin malamin da ke kula da ajinku da tambayoyi a rubuce. Yaushe ake sake ba da ƙididdigar da kika faɗi, tunda a wurare da yawa sai zango irinsa na shekara mai zuwa? Waɗanne kwasa-kwasai ne ba a yarda a ɗauka ba sai an ci ta? Wannan ya fi komai muhimmanci, domin ikonometiriks, wato auna al'amuran tattalin arziki da ƙididdiga, a kanta yake zaune, kuma faɗuwa ɗaya a kwas na sharaɗi tana iya tura kammalawa gaba da shekara guda in ba a lura da wuri ba. In kin sake ta kin ci, sabon makin yana goge F ɗin ne ko duka biyun ake lissafawa a CGPA, wato matsakaicin makin dukan zangunan da kika yi? Jami'o'i sun bambanta a nan. Har zuwa wane mako ake iya ajiye kwas ba tare da ya fito a sakamako ba? Sannan, don ki san inda kike tsaye, wane CGPA sashen tarihi ke nema ga mai son komawa, kwas nawa daga waɗanda kika ci za su karɓa, kuma za a mayar da ke baya da shekara ko a'a? Ki rubuta amsoshin a gabansa, ki duba su da abin da kundin dokoki ya ce, domin ranar tantance masu kammalawa abin da ke rubuce a kundin ake bi.